Kafin Baƙi Su Zo Jinya Abuja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in tofa albarkacin bakina kan sabon asibitin da bankin Afreximbank, mai tallafa wa cinikayyar ƙasashen Afirka, ya buɗe a nan Abuja a watan Yunin 2025, mai gadaje 170, domin masu ciwon daji, zuciya da cututtukan jini. Fatan shi ne masu zuwa Indiya da Masar neman magani su tsaya gida, har baƙi su riƙa zuwa mana.

Abin farin ciki ne, amma likitocinmu sai ficewa suke yi zuwa Ingila da Saudiyya. Na yi jinyar mahaifina a wani asibiti, sai da muka yi makonni kafin ƙwararren likita ya duba shi. Wanda ya taso daga Yamai da kuɗinsa ba zai jure wannan jira ba.

Ina roƙon gwamnati ta cika alkawarin Abuja na 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, a fara da gyara albashin ƙwararru. Sannan a ɗauki tafintoci masu jin Faransanci saboda maƙwabtanmu.

Wassalam,
Mai karatu daga Kubwa, Abuja