Zuwa ga abokan cinikinmu: kan ƙarin farashi da jinkirin shakazoba

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gidanmu, da 'yan uwa direbobi, Allah ya ƙara girma. Ban saba rubutu irin wannan ba, aikina na sifana ne da jak. Amma maganganu sun fara dawowa kunnena, na ga gara ku ji daga bakina.

Gaskiya ne mun ƙara kuɗin taya da na aiki. Gaskiya ne kuma akwai Prado biyu da Hilux ɗaya da suka kusa wata guda a garejinmu suna jiran shakazoba, wato abin da ke rage wa mota girgizar gargada. Masu motocin nan, ku yi mana aikin gafara. Sai dai ina roƙo a duba daga inda abin ya taso.

Dilan da muke sayen kaya a wurinsa a Legas, wanda muka fi shekara goma tare, ya karɓi kafin alƙalaminmu, ya ce kwantena na tashar jiragen ruwa ta Apapa, mako biyu za ta fito. Mako biyu ya zama shida. Da kayan suka fito sai ya ce farashin da muka yi ya tashi, ko mu cika ko ya sayar wa wani. Ba na son in ci mutuncinsa, shi ma da dala yake saye. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano bai sake sauka ba. Ku tuna kuma Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal, Dunlop ma ta daina yin taya a Ikeja tun shekaru da dama, don haka BFGoodrich ko Bridgestone Dueler da za ku gani a sitonmu, ta teku ta zo. Injin alaimen (na daidaita tsayuwar tayoyi) da kwampreso ba sa jiran a kawo wuta, janareta ke riƙe da su tun safe. Ga mai fili ya turo takardar ƙarin haya. Ta ina za mu ɓullo?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da aka ce wai mun fi kowa tsada, ana samun taya mai girman 265/65 R17 a rabin kuɗinmu. Ana samu, ban musa ba. Makon jiya wani direba ya kawo mini irinta guda huɗu in ɗaura masa, an wanke su an shafa musu mai suna ƙyalli. Na sa yaro ya juyo gefen tayar, na nuna masa lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT: 2317, wato an ƙera tayar ne a mako na 23 a shekarar 2017. Na lanƙwasa gefen da hannu, sai ga tsaga ƙanana kamar faso. Na ce masa: "Malam, da wannan za ka ɗauki iyalin maigidanka zuwa Maiduguri cikin zafin bazara?" Ya yi shiru. Ni dai ban ɗaura ba, ko da ya ji haushina.

Haka batun ɗaga mota, wato ƙara mata tsayi daga ƙasa. Duk wanda muka ɗaga wa Land Cruiser inci biyu ya san ba kawai sifirin muke canzawa mu sallame shi ba. Sai mun duba sassan ƙafar mota, irin su bushin da boljoyin da tayarod, mun sake alaimen, in ba haka ba taya za ta ci gefe ɗaya kafin damina ta wuce. Shakazobar jabu kuwa, gargadar hanya ɗaya ta ishe ta fara zubar da mai. Wannan aikin ne kuke biya, ba suna ba.

Muna ta neman mafita. Muna magana da wasu dilolin, muna kuma duba yadda za a sassauta wa tsofaffin abokan hulɗa. In abu ya tabbata za ku ji.

Ba zan manta da Alhajin da ya fara kawo mana motarsa tun muna aiki a gindin darbejiya da jak ɗaya ba, yau 'ya'yansa ke kawo nasu. Haka Hajiyar da ba ta taɓa tayawa ba in mun faɗi kuɗi, da direbobin da ke tsayawa mu ci tuwo tare kafin su kama hanyar Haɗeja. Wasunku na daina ganin motocinku, na kuma lura. Ba na ƙorafi, arziki na Allah ne. Amma in laifi muka yi, ku zo ku faɗa mini ido da ido, har yanzu ina nan daga ƙarfe takwas zuwa Magariba.

Masu motoci ukun nan, ni da kaina zan kira ku ranar da kayan suka sauka.

Naku,
Maigareji, a madadin dukkan yaran aiki