A bar wasan labari ya tsaya da ƙafarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna so mu tofa albarkacin bakinmu kan ko ya dace wasannin bidiyo na labari, waɗanda mutum ɗaya ke tafiyar da jaruminsa, su ƙara ɓangaren 'yan wasa da yawa.

Ɓarnar tana farawa ne idan aka ɗaure ɓangarorin biyu. A Mass Effect 3 na 2012, ma'aunin shirin yaƙi yana farawa daga kashi 50 cikin ɗari. Wanda bai shiga ɓangaren 'yan wasa da yawa a intanet ya ɗaga shi ba, rabin ƙarfin rundunar da ya tara kawai ake lissafa masa, kuma da wannan lissafin ake yanke ƙarshen labari. 'Yan wasa suka koka, kamfanin BioWare da ya ƙirƙiri wasan ya sassauta sharaɗin, a bugun 2021 kuwa babu ɓangaren 'yan wasa da yawa ma.

Baldur's Gate 3 na 2023 yana ɗaukar mutum huɗu lafiya lau, saboda faɗansa bi da bi ne. Jinkirin sadarwa ba ya kashe kowa. Wasan sara da suka nan take kuwa, rabin daƙiƙa ta isa jarumi ya faɗi. Mai sayen data da ƙyar, a bar masa cikakken labarinsa ba tare da intanet ba.

Wassalam.