Don Allah wa kuke rubuta wa waɗannan harufan?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaskiya bayanin da kuka fitar ranar Asabar kan sabunta katin inshorar lafiya ta waya ya ɓata min rai. Ba ƙarya kuka faɗa ba, *929# ɗin da ake dannawa a sabunta ma daidai ne, amma tun layin farko NHIS, NHIA, NIA, GHS, PIN, USSD kun jero su reras babu ko ɗaya da kuka tsaya kuka ce ga abin da yake nufi, sai ka ce ma'aikatan ofis kawai ke karanta ku.

Ni ɗan shagon buga takardu da fotokwafi gare ni a Aboabo nan Kumasi, kuma dattawa ne suka fi shigo min. Wata Hajiya ta sa na buga mata bayanin naku daga shafinku na intanet, ta zauna kan benci ta gyara tabarau tana bin layi da yatsa, da ta iso kan GHS sai ta ɗago ta ce ɗana, sidi nawa ke nan za su cire min? To ai da gaskiyarta, GHS ɗin nan shi take gani a gaban kuɗi duk lokacin da saƙon MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ya shigo mata, ku kuma hukumar lafiya ta Ghana kuke nufi, kuma can ƙasa kuka sake sa shi a gaban kuɗin sabuntawa, harufa ɗaya ma'ana biyu a takarda ɗaya. Ko ECG ma haka yake, a gida kamfanin wuta ne, a asibiti gwajin bugun zuciya.

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne PIN. Kun ce mutum ya shigar da PIN ɗinsa kuka wuce abinku. Wanne? Lambar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, wadda ke farawa da GHA ita ma PIN ake ce mata, lambar sirrin MoMo ita ma PIN, kuma kun san yadda 'yan damfara ke kiran tsofaffi suna neman ta biyun nan. Mu kullum muna fama da iyayenmu kada su ba kowa lambar sirrinsu, ku kuma kun bar musu abu a dunƙule, haba.

Na kira ofishinku wani saurayi ya ce min ai a shafin idan ka ɗora mawus kan harufan cikakken sunan zai fito. Na gwada a kwamfutar shago, eh yana fitowa. Amma mutum nawa ke da mawus a Zango? Kowa da waya yake karatu, ka taɓa da yatsa babu abin da zai fito, ka buga a takarda nan ma babu, injin ba ya buga abin da ke ɓoye. Jaridar takarda kuwa da kuka kwafo daga shafin haka ta fito tsirara.

Abin ba wuya. Farkon ambato ku rubuta sunan cikakke da Hausa sannan harufan su biyo, NHIS tsarin inshorar lafiya ne da aka kafa da doka tun 2003, NHIA hukumar da ke tafiyar da shi, NIA masu ba da Ghana Card, shi ke nan. In bayanin na da tsawo ku maimaita a ƙarƙashin kowane kan magana, don mutanenmu hoton rabin shafi suke ɗauka su tura WhatsApp, wanda ya samu bai ga farkon ba. Wanda sau ɗaya kawai zai fito kamar USSD ku bar shi ma gaba ɗaya, ku ce lambar da ake dannawa a waya.

Sannan tunda na riga na ɗauko magana, shafin wasanninku me ƙungiyar ƙwallonmu ta Kumasi, Asante Kotoko, ta yi muku? An buga wasa a filin Baba Yara kun ba shi layi uku, amma 'yan Hearts of Oak ta Accra ko atisaye suka yi sai kun sa hoto rabin shafi. Mu ma da kuɗinmu muke sayen jaridar nan fa.

Naku,
Mai shagon fotokwafi, Aboabo, Kumasi