Ga iyayen yara mazauna Amurka: a nemi gasar ACT-SO tun makaranta na buɗewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin 'yan uwanmu Hausawa da ke zaune a Amurka, irin na unguwar Bronx a birnin New York, waɗanda 'ya'yansu ke sakandare. A can, yaron da iyayensa suka fito daga Kano ko Zangon Kumasi baƙar fata ne kamar kowane, kuma akwai shirye-shiryen da aka kafa domin irinsa, amma iyaye da yawa ba sa jin labarinsu sai an rufe rajista.

Babba a cikinsu shi ne ACT-SO, shirin horo da gasar hazaƙar ɗalibai na ƙungiyar NAACP, wadda aka kafa a 1909 don kare haƙƙin baƙar fata. Wani ɗan jarida na Chicago, Vernon Jarrett, shi ya ƙirƙiro shirin a 1978, saboda ya ga ana ɗaga 'yan ƙwallo sama, yaron da ya iya lissafi kuwa ko kallo bai ishi kowa ba. Shirin na ɗaliban aji 9 zuwa 12 ne, wato shekaru huɗun ƙarshe na sakandare. Fannoninsa sun haura talatin: kimiyyar halittu, sinadarai, kwamfuta, injiniyanci, zanen gine-gine, rubutun waƙa, gajeren labari, iya jawabi, ɗaukar hoto, shirya fim, rawa, kasuwanci, har da girki. Uban da ba ya son 'yarsa ta hau dandali ta yi rawa, ba sai ya hana ta shiga ba, ga kimiyya ga rubutu.

Ga yadda abin ke tafiya. Da farkon shekarar karatu, wajen Agusta ko Satumba, ake neman reshen NAACP mafi kusa a tambaya ko yana gudanar da shirin, domin ba kowane reshe ke yi ba. A tambayi sharuɗɗan takardun zama tun ranar. Daga nan sai a haɗa ɗalibi da mai ja masa gora, wato ƙwararre a fannin da ya zaɓa, su yi watanni suna aiki tare. Wajen Afrilu ake gasar reshe. Maki 95 zuwa 100 shi ne zinariya, 90 zuwa 94 azurfa, 85 zuwa 89 tagulla, kuma mai zinariya ne ke wucewa gasar ƙasa da ake yi a Yuli tare da babban taron ƙungiyar.

A nan ake yawan faɗuwa. Zuwa na ɗaya bai wadatar ba. Idan babu wanda ya kai 95 a fanni, babu zinariya a wannan fanni ke nan. Doka ta yarda a shiga fanni har uku, sai yaro ya kwashi ukun, ya zo da aiki rabi-rabi a kowanne. Gara ɗaya mai kyau. Aikin kimiyya kuwa ba a haɗa shi a mako biyu, domin alƙalai suna duba rahoton da aka rubuta, sannan su yi wa ɗalibin tambayoyi baki da baki. Idan yayansa ne ko babansa ya yi masa aikin, tambaya ta biyu za ta tona asiri. Sai kuma matsalar da ta fi shafar gidajenmu: zaman horon yakan faɗo ranar Asabar, lokacin Islamiyya. A zauna da malam tun farko a daidaita lokaci, kada a bari sai yaro ya tara fashi. Kuɗin tafiya gasar ƙasa ma a tambaya da wuri, a ji abin da reshe zai ɗauka da abin da zai hau kan iyaye.

A ganina, lambar ba ita ce ribar ba, watannin nan da yaro ke yi kusa da likita ko injiniya mai kama da shi su ne. Shugabanci kuwa sai an riƙe muƙami ake koyonsa. NAACP tana da sashen matasa tun 1936, inda yaran da kansu ke zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji, su kira taro, su rubuta abin da aka tattauna, su yi lissafin kuɗi a gaban 'yan uwansu. Iyaye su ƙarfafa wa yaro ya nemi kujerar sakatare tun yana aji 10, domin ita ce wadda ba a cika rububinta ba, kuma mai ita ne ke sanin duk yadda ƙungiya ke gudana kafin ya nemi ta shugaba.

Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku