Idan imel ya ƙi haɗuwa a waya ko kwamfuta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Koke kan imel ya yi yawa a rukunin nan, ga abin da za ku duba kafin ku turo tambaya.

Ku fara buɗe akwatinku a burauza. In ya buɗe, asusun lafiyarsa ƙalau, matsalar tana manhaja ko na'ura. In ya buɗe da datar waya amma ya ƙi da Wi-Fi, hanyar intanet ɗin ce ta toshe shi.

Sai agogo. Kwanan wata ko lokacin da ya kauce yana sa na'ura ta ƙi amincewa da takardar tsaron saba, wato kwamfutar da ke ajiye saƙonninku a wurin masu ba da imel. Ku bar shi yana saita kansa.

Wanda ya canza kalmar sirri ya canza ta a kowace na'ura. Tsohuwar waya guda da ke ta gwada tsohuwar kalma tana iya jawo a kulle asusun, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Masu saitawa da hannu: IMAP (hanyar karɓar saƙo) lambar "port" 993 da tsaron SSL, SMTP (hanyar tura saƙo) lamba 587 da tsaron STARTTLS. In saƙo yana shigowa amma ba ya fita, SMTP ne. Lamba 25, wata lambar SMTP, sau da yawa a toshe take.

Tun Oktoba 2022 Microsoft ta fara rufe shiga Exchange Online, imel ɗinta na ma'aikatu, da suna da kalmar sirri kaɗai, don haka tsohuwar manhaja za ta yi ta neman kalma ko da daidai take. Maganinsa sabunta manhaja, a cire asusun, a sake saka shi. Amma mai amfani da POP, hanyar da ke sauke saƙonni kan na'ura, ya adana saƙonninsa tukuna, wataƙila babu kwafinsu a saba.

Don Allah kada kowa ya turo kalmar sirrinsa nan. Hoton saƙon kuskuren ya isa.