Wasiƙa zuwa ga aminina: Indiyar da ba mu gani ba a Plaza

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya iyali, yaya kasuwa a Kumasi? Mu nan Kano lafiya lau, damina ta zauna. Na je na duba Hajiya ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, tana ta sa maka albarka.

Wani fim ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna daren da muka yi ta bin layi a silimar Plaza don fina-finan Indiya, har muka ɗauka babu abin da ba mu sani ba game da ƙasar? To, makon jiya na kalli Pather Panchali na Satyajit Ray, wanda ya fito a 1955, sai na ga ashe ƙofar gida kawai muka tsaya. Baƙi-da-fari ne, kuma da harshen Bengali aka yi shi, don haka ɗan Indiyancin da muka tsinta bai amfane ni ba, sai fassarar ƙasan allo. Babu jarumi, babu bos, babu rawar masoya a cikin furanni.

Labarin wani gida ne na talakawa a ƙauye. Maigidan malamin addininsu ne mai burin zama marubuci, samunsa bai taka kara ya karya ba. Uwargida Sarbajaya ce ke fama da tukunya. 'Ya'yansu biyu, Durga da ƙanenta Apu, sai wata tsohuwa 'yar uwar maigidan da ke raɓe da su, duk ta ranƙwafa. Durga kan tsinko 'ya'yan itace a gonar maƙwabta ta ɓoye wa tsohuwar, uwar kuma ta sha gori a bakin rijiya. Wallahi tsohuwar nan ta tsaya mini a rai. Matar da ta fito a matsayinta, Chunibala Devi, ta kai kimanin shekara 80, kuma ta rasu kafin a fara nuna fim ɗin a birnin Kalkata. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Ray bai mayar da uwar muguwa ba, ko da ta kori tsohuwar. Kana kallo ka san yunwa ce ke magana da bakinta. Ni da kai mun san irin wannan gida.

Maigidan ya tafi neman kuɗi, watanni ba labari. Durga ta yi wasa cikin ruwan sama, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. Da ya dawo, bai san komai ba, ya zauna yana ciro tsaraba, har ya miƙo zanen da ya sayo wa 'yarsa. Nan uwar ta fashe da kuka, amma ba ka jin muryarta, sai wani abin kiɗa mai tsirkiya, kamar goge, ya ɗauki kukan. Sai da na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida.

Yadda aka yi shi ma abin ji ne. Ray ma'aikacin kamfanin talla ne, bai taɓa shirya fim ba, mai ɗaukar hotonsa Subrata Mitra shi ma farin shiga ne. Sun fara a 1952, kuɗi suka ƙare, har aka jinginar da gwala-gwalan matar Ray, kafin gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta ba da kuɗin ƙarasawa. Akwai wani wuri a fim ɗin da yaran suka fara ganin jirgin ƙasa a cikin ciyawa mai fararen furanni; da su Ray suka koma don ci gaba da ɗauka sai suka tarar shanu sun cinye furannin, dole aka jira wata shekarar. Shahararren makaɗin Indiya Ravi Shankar ne ya yi kiɗan. Fim ɗin ya sami kyauta a bikin Cannes na Faransa a 1956. A 1993 gobara ta lalata asalin zarensa a Landan, aka yi ta aikin ceto shi har gyararren ya fito a 2015. Shi za ka nema, don hoton ya fita tas.

Na san halinka, za ka ce yana tafiyar hawainiya. Gaskiya ne, rabin awar farko sai ka daure. Ka ajiye waya, ka bari yara su yi barci, ku kalla kai da maiɗakinka. Ina so na ji abin da za ta ce game da uwar, don tawa ta ce ba za ta yafe mata korar tsohuwar ba, kuma har yau muna muhawara a kai.

Ka gaishe mini da mutanen Zango. Yaushe za ka leƙo gida?

Naka har kullum,
Amininka