Wasiƙa zuwa ga Abba kan gidan Wudil

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan ƙalau muke. An gama da gero, dawa ce ta rage a gona.

Baffanka ya zo ranar Asabar ya faɗa mini yadda kuka yi a kan gidan Wudil, har da maganar dillalin da ya ce akwai mai saye a kan naira miliyan 16. Na ga gara in rubuto maka a kan in kira ka, don magana ce mai lissafi a ciki, kuma ina so ka nuna wa ƙannenka su ma su karanta.

Lissafin da ka yi wa Baffa daidai ne, ba zan ƙaryata ka ba. Ɗakuna takwas da shago biyu, idan kowa ya biya, abin da ke shigowa a shekara bai wuce 840,000 ba, kuma ba a taɓa yin shekarar da kowa ya biya ba. Bara an yashe masai, an sauya kwanon ɗakunan baya da ke yoyo, an ɗaure gindin katangar yamma da ruwa ya ci. Da aka fitar da wannan duka, 560,000 aka raba, kai ka tashi da 70,000. Magidanci mai iyali a Kano ya ce dubu saba'in a shekara ba ta tsinana masa komai, ai bai yi ƙarya ba. Na kuma san halin ɗalibai. Wani zai kulle ɗaki ya tafi hutu da bashin wata huɗu, ya dawo ya ce sai an turo masa daga gida. Wanda ya bar ɗakin kusa da rijiya da sakatar ƙofa ya tafi, ya bar mana bango duk baƙin risho. Baffanka ma ya gaji da bin bashi, kunya ce ta hana shi faɗa muku.

Inda muka rabu da kai shi ne da ka ce wa Baffa za ka sayar. Kai ne babba, amma gidan na mutum goma sha biyu ne. Tunda mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya rasu bayan iyayensa, magadansa su ne mu matansa biyu da ku 'ya'ya goma, maza huɗu, mata shida. Ni da Antinku tumunin takaba ne namu, ɗaya cikin takwas, mu raba biyu. Sauran naku ne, namiji rabon mace biyu, kamar yadda ya zo a aya ta 11 da ta 12 cikin Suratun Nisa'i. Idan ka buga, gidan ya kasu kashi 16: ni ɗaya, Antinku ɗaya, kowace mace ɗaya, kowane namiji biyu. A kan wancan farashi, miliyan biyu ne naka, kafin a cire la'adar dillali da abin da za a kashe wajen takardu.

Cikin mutum goma sha biyun nan akwai biyu da ba su balaga ba, Auta da yayarsa. Rabon maraya ba ya sayuwa don babban wa ya ga dama. Sai an je gaban alƙali an nuna masa cewa sayarwar ce maslahar yaron, a kuma faɗi inda za a ajiye masa kuɗinsa da wanda zai riƙe. Ka san ayar da ta zo kafin ayoyin gadon, wadda ta yi magana a kan masu cin dukiyar marayu. Ba na so ko da kuskure hannunka ya taɓa wannan. Kuma ka tuna yaran nan ba cikina suka fito ba. Duk abin da ka yi a gidan, gari ba zai ce Abba ya yi ba, cewa za a yi ɗakin uwargida sun cinye na amarya. Shekara ashirin da wani abu muka zauna da baiwar Allahn nan ba a ji kanmu ba, ba na so a fara ji yanzu da maigidan ba ya nan.

Ka tambayi kanka me ya sa dillalin yake gaggawa. Wanda zai ba da miliyan 16 ba tsohon bulo da ruɓaɓɓen kwano yake so ba, wurin yake so. Lokacin da mahaifinku ya sayi filin da kuɗin shanun da yake kaiwa kara ranar Juma'a, bayan gidan gonar rogo ce, har 'yan'uwansa suna cewa ya tafi daji ya yi gini. Sai aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Dangote, ga makarantar horar da 'yan sanda, ga hanyar Kano zuwa Maiduguri da aka mayar tagwaye. Ɗalibi da malami da ɗan kasuwa kowa na neman wurin kwana. Garin ya biyo gidan har ya wuce shi. Mai sayen rushewa zai yi ya tayar da ɗakunan ɗalibai, ya karɓi ninkin abin da muke karɓa. Abin da ya hango a wurin nan, mu ma ido gare mu.

Akwai kuma batun takarda, wanda na tabbata dillalin ya sani ko bai faɗa maka ba. Abin da ke hannunmu takardar ciniki ce kawai, mai sa hannun dagaci da shaidu uku, biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ba mu da takardar mallaka ta gwamnati. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, shi ke ba mutum izinin zama a kai, yawanci na shekara 99, kuma mai irin wannan takardar ma idan zai sayar sai an nemi amincewar gwamna. Gidan da ba shi da ita, mai saye karya masa daraja yake yi, ya ce shi zai sha wahalar nema. Ko da a ce duk mun yarda a sayar, wauta ce a sayar kafin a gyara takarda, a kuma sauya sunan mamaci zuwa na magada.

Sai maganar kuɗin kansa. Kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Ba a yi shekara ba ta haura 1,500. A farkon 2024 buhun siminti ya kai dubu goma, wasu wuraren ma ya wuce. Duk wanda ya sayar da gida a 2022 ya ajiye kuɗin yana jiran ya samu wani, ka je ka tambaye shi ko rabin gidan ya iya mayarwa. Fansho nake karɓa, na fi kowa sanin yadda kuɗi ke zama adadinsa ɗaya amma cefanen da yake yi yana raguwa kowane wata. Gidan nan kuwa, da yoyonsa da komai, bai taɓa wayar gari ya ragu ba. Ko ta wajen zakka ka duba: gidan haya ba a fitar masa da zakka a kan ginin, sai a kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi ya shekara. Tsabar kuɗi kuwa, muddin ta kai nisabi, duk shekara sai an fitar da ɗaya cikin arba'in.

Baffa ya ce hatsi kake so ka saya da kaka ka ajiye a Dawanau, ka fitar da bazara. Sana'a ce ta halal, kuma na san ka ga waɗanda suka samu a 2023 da 2024. Amma ka ga waɗanda suka sayi masara da gero da tsada a kakar 2024, farashi ya karye musu a 2025, suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ga kuɗin sito, ga maganin ƙwari? A ƙauyen nan akwai wanda ya sayar da gonar gado ya shiga, yanzu ƙodago yake yi a gonar wasu. Wanda ya daɗe a harkar yana da abin da zai jure shekara ɗaya ta faɗuwa. Kai albashi gare ka, kuma miliyan biyun nan ita ce kaɗai abin da uba ya bar maka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai ƙannenka mata ne, kuma shi ne abin da ban ji ka sa a lissafinka ba. Ku maza kowa zai yi nasa gidan in Allah ya yarda. Mace kuwa aure ne ya ɗauke ta, aure kuma yana ƙarewa, ko da saki ko da mutuwa. Ni da kake gani a gidan Kawunka nake zaune tun da na fita takaba, ɗaki ɗaya da rumfa, kuma don ya ga dama ne. Lokacin da auren ƙanwarka ta Gaya ya samu matsala, ina ta dosa da yara uku? Ɗakin zaure na gidan Wudil aka fitar da ɗan haya aka ba ta, ta yi wata bakwai tana sayar da awara a ƙofar gida, ɗalibai suna layi da yamma, har Allah ya sa aka daidaita ta koma. Ba ta roƙi kowa wurin kwana ba, ba matar wa ko matar ƙane da ta yi mata kallon banza, domin gidan ubanta ne kuma tana da kashi a ciki. Ka ba ta miliyan ɗaya a hannu yau, kafin wata uku an ranta an yi jari, an yi kayan ɗakin wata, an biya asibiti. Ba mugunta ba ce, haka kuɗin mace yake a gidan miji idan ana cikin babu. Antinku kuma da hayar nan take biyan kuɗin makarantar yaranta. Abin da kai ka raina, a wajenta shi ne littafi da takalmi da kuɗin jarrabawa.

Kada ka ɗauka cewa nake gidan gado ba ya sayuwa. Ba kabari ba ne, gini ne, kuma mahaifinku da kansa ya sayar da gonar da ya gada a lokacin da ya ga wadda ta fi ta. Kana da haƙƙin ka ce a fitar maka da rabonka, ba ni ba, ko alƙali ba zai hana ka ba. Jinkirin rabon ma da muka yi ba abin yabo ba ne, don irinsa ne ke sa jikoki su tsinci kansu a kotu. Sai dai akwai hadisin da malamai ke kawowa, cewa wanda ya sayar da gida ko fili bai mayar da kuɗin a irinsa ba, ya cancanci a cire masa albarka a ciki. Da cewa ka yi za ka sayar ka sayi fili a Kano ka fara gini ka huta da haya, da ba haka zan rubuto maka ba.

Ga abin da nake ganin ya fi. A samu mutum biyu ko uku da suka san darajar gidaje a Wudil, waɗanda ba su da alaƙa da wannan dillalin, su yi wa gidan kuɗi. A kira malamin da ya san gado, a rubuta kashin kowa, a kai kotun shari'a a tabbatar, kowa ya riƙe kwafi. Bayan nan idan har yanzu kana son fita, ka tallata wa 'yan'uwanka kashi biyunka kafin bare. Wannan ba alfarma ba ce za ka yi musu. A fiƙihunmu na Malikiyya akwai shuf'a: abokin tarayya a gidan da ba a raba ba, idan ɗan'uwansa ya sayar wa wani na waje, yana da ikon ya biya kuɗin ya karɓe, kuma wanda yake gari yana da kimanin shekara guda kafin wannan haƙƙi ya faɗi. Ƙaninka mai aikin asibiti ya taɓa nuna mini yana so, in za ka yarda ya biya ka kashi-kashi. Ni ma ina da bijimai biyu a wajen Fulani da ɗaukar adashi a watan gobe, zan iya kama masa. Ka samu kuɗinka, gida ya tsaya a hannun 'ya'yan mai shi.

In kuma ka fasa fita, to a daina riƙon gidan yadda ake yi yanzu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowane ɗan haya a yi masa takardar yarjejeniya, ya biya na shekara kafin a ba shi makulli, ya kawo wanda zai tsaya masa. A buɗe asusu ɗaya a banki da sunan mutum biyu, ɗaya daga ɗakina ɗaya daga ɗakin Antinku, a riƙa ware kuɗin gyara kafin a raba. A raba wa shagunan mitarsu daban, don mai injin niƙa ne ke shan wutar da ɗalibai ke rigima a kai. Baffanka a sauke masa nauyin, a nemi matashi a unguwar a riƙa ba shi ladansa. Filin da ke gefen rijiya ma zai ɗauki ɗaki biyu idan aka haƙura da rabon shekara ɗaya.

Kafin mu haɗu, kada ka karɓi ko sisin kafin alƙalami daga hannun kowa, kada kuma ka ba dillali hoton takardar gidan. Da zarar ka karɓa, ya samu abin da zai riƙe ka da shi, kai kuma ka sayar da abin da ba naka kaɗai ba.

Na ce wa Baffanka ya tara kowa a gidansa Juma'ar farko bayan an yanke dawa, bayan an sauko daga masallaci. Antinku za ta zo da wanta. Ka kira ƙannenka mata ɗaya bayan ɗaya da kanka, ka nemi izinin mazajensu, kada ka aika. Ka taho da ainihin takardar cinikin da littafin da Baffa ke rubuta kuɗin haya, yana wajenka tun Sallah.

Ka gaishe da mai ɗakinka, ka ce mata kuka da daddawar suna nan na ajiye mata. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka